Mai Tono Da Mai Raɗin Suna

'Yan makaranta, akwai wani ɗan dutse a kan teburina wanda bai kai girman goriba ba. Shekara takwas ke nan yana nan. Kullum na ɗaga kai daga gyaran littattafanku sai idona ya faɗa kansa, kullum kuwa tambaya ɗaya ya ke yi mini. In mutum biyu suka haɗu a kan abu guda, ɗaya ya tono shi da hannunsa, ɗaya ya buɗe littafi ya faɗi sunansa, wa ya san abin a cikinsu, kuma sunan wa ya kamata a rubuta? Labarin dutsen nan zai zo a gaba. Yanzu dai ku ɗaura ɗamara mu tafi bakin teku a ƙasar Ingila, gama can aka yi irin wannan shari'a a fili, ga shaidu ga takardu.

A kudancin Ingila, cikin lardin Doset, akwai wani ɗan gari a bakin teku ana ce da shi Layim Rijis. Gabas da yamma da garin gaɓar teku a tsaye ta ke kamar ganuwa, amma ba dutse ne mai tauri irin na Kwatarkwashi ba. Daskararriyar laka ce da dutsen farar ƙasa, hawa bisa hawa, sai ka ce an jibge tabarmi. Masana sun ƙiyasta wajen shekara miliyan 200 da suka wuce wurin nan ƙarƙashin teku ya ke. Abin da ya mutu cikin ruwan ya kan nutse, laka ta rufe shi, nama ya ruɓe, ƙashi da ɓawo su saura. Sa'an nan ruwa mai ɗauke da ma'adini ya yi ta ratsa su sannu sannu har su koma dutse, siffarsu kuwa tana nan yadda ta ke. Turawa suna ce da irin wannan fosil. Mu dai mu kira shi burbushin halittun dauri.

Da hunturu iska da ruwan sama da raƙuman ruwa su kan zaftare gaɓar nan, abin da ke ɓoye cikinta ya zubo bakin teku. Lokacin ne masu nema ke fitowa, kowa da 'yar gudumarsa da kwandonsa. Sai sun auna sa'ar da teku ta fara janyewa, gama tana cikowa tana komawa sau biyu tsakanin dare da yini, wanda ya yi sakaci kuwa ruwa ya ritsa shi a gindin gaɓa, ba gaba ba baya. Kuma abin ba ya jira. Abin da ruwa ya tono yau, in ba a ɗauka ba, ruwan ne zai niƙe shi gobe.

Abin da aka fi samu shi ne wani ɓawo nannaɗaɗɗe kamar ƙahon rago, da layi layi a jikinsa, ana ce masa amonait. Akwai ƙanana kamar anini, akwai manya da suka fi faifai. Mutanen dauri ba su san ɓawon wata dabbar ruwa ba ne, sai suka ce maciji ne ya naɗe ya zama dutse. Akwai kuma wani siriri mai tsini kamar harsashi, suka raɗa masa yatsan shaiɗan, alhali ƙashin cikin wata dabbar teku ce mai taushin jiki mai hannuwa da yawa. Mai sa'a ya kan tsinci gaɓar ƙashin gadon baya, kewayayya kamar waina, da lotsawa a fuska biyu. Sabon shiga kuwa kowace tsakuwa mai tsini haƙori ce a gare shi, sai ya daɗe kafin ya koyi cewa ƙashi yana da 'yan ƙofofi ƙanana kamar soso, tsakuwa ba ta da su.

A wannan gari aka haifi wata yarinya, Meri Anin, cikin 1799. Ubanta kafinta ne, matalauci, ya kan tsinci duwatsun nan ya sayar wa baƙi masu zuwa shan iska don ya cike abin cefane. Ya rasu cikin 1810, ya bar iyalinsa da bashi, Meri tana da shekara 11. Cikin 1811 wanta Josef ya tono wani ƙoƙon kai mai tsawon ƙafa 4, da dogon baki da haƙora jere, da ramin ido kamar akushi. Aka ce kada ne. Meri ta yi ta bin gaɓar wata da watanni, har cikin 1812 ta sami sauran jikin. Tsawonsa duka wajen ƙafa 17, ga shi kuwa ba shi da ƙafafu irin na kada, sai waɗansu faffaɗan gaɓoɓi kamar filafilin kwalekwale. Mai ƙasar wurin ya saya wajen fam 23, aka kai shi Landan, mutane suka yi ta tururuwar kallo.

Wani babban likita, Ebarad Hom, ya fara rubuta bayaninsa cikin 1814, ya yi ta rubutawa shekara da shekaru. Da fari ya karkata ga cewa dangin kifi ne, daga baya ya sake magana, ya kuma sake. Amma cikin takardun nan duka bai ambaci yaran da suka tono shi ba. Har ma aikin kankare dutse daga jikin ƙashin, wanda aka yi a Layim, sai ya yaba wa ma'aikatan gidan da aka ajiye shi a Landan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga bisani dabbar ta zauna da sunan Iktiyosoras, watau kifi ƙadangare da harshen Yunanawa.

Cikin Disamba 1823 Meri ta tono abin da ya fi wannan ban mamaki, watau cikakken ƙwarangwal na wata dabba mai ɗan ƙaramin kai da wuya zaƙaƙam, wadda a ke kira Filesiyosoras. Aka aika da zanensa Faris wurin Kubiye, wanda a zamanin ba wanda ya kai shi sanin ƙasusuwan dabbobi a Turai duka. Da ya ƙirga gaɓoɓin wuyan ya ga wajen 35, sai ya yi zaton haɗi ne, an ɗauko kan wata dabba an liƙa a jikin wata. Ku tuna raƙumin dawa, da dukan tsawon wuyan nan nasa, gaɓa 7 gare shi, daidai da ni da ku. Da aka bincika sosai aka ga ba haɗi, Kubiye ya yarda ya yi kuskure. Cikin 1824 wani masani mai suna Konibiya ya yi bayanin ƙwarangwal ɗin a gaban Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan, ya sha yabo. Sunan Meri bai fito daga bakinsa ba. Ita kuwa ko ƙofar zauren ba ta da ikon shiga, gama ƙungiyar ba ta karɓi mata su zama 'ya'yanta ba sai 1919.

To, na san abin da ke zuciyarku yanzu, kuna cewa masanan nan ɓarayi ne, shi ke nan. Ku dakata. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa.

Raɗin suna aiki ne, ba wasa ba. Ƙashi a kwando ƙashi ne kawai, sai wanda ya ɓata shekaru yana gwada na kifi da na kada da na ƙadangare ya iya cewa wannan ba ko ɗaya ba ne cikinsu, wata halitta ce da ta shuɗe daga duniya. Sunan kuma shi ke sa mutumin Jamus ya gane abin da ya tono a ƙasarsu ɗan'uwan na Doset ne, ko da bai taɓa taka Ingila ba. Shakkar Kubiye ma ban ga laifinta ba. A garin Witbi, can arewacin Ingila, masu sayar da amonait su kan sassaƙa masa kan maciji don ya yi kasuwa, kuma an sha cike giɓin ƙwarangwal da farar ƙasa a shafe, a sayar a kan cikakke ne. Ilmin da ba shi da mai tsaron ƙofa, ƙarya ta kan shiga ta shimfiɗa tabarma. Abin da ya ƙara wa Kubiye girma a idona shi ne da hujja ta zo bai tsaya gardama ba.

Wani kuma zai ce, ai sayarwa ta yi, an biya ta. Wanda ya sayar da akuya ba shi da ta cewa a kan fatarta. Gaskiya ne, dutsen ya zama na mai saye, in ya so ya ajiye, in ya so ya kyautar. Amma me aka saya? Dutse aka saya, ba a sayi abin da ya auku ba. Ran kaza, a wuri kaza, wance ce ta gan shi ta haƙo shi. Wannan ya riga ya faru, ba fam nawa da zai mai da shi aikin wani. Duk da haka a gidajen ajiyar kayan tarihi sunan attajirin da ya saya ya bayar a kan rubuta a jikin akwati, na wadda ta tono a bar shi a bakin teku.

Wani zai ce sa'a ce kurum, ko makaho ya kan yi tuntuɓe da kuɗi. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi, gama wanda bai taɓa neman abu ba ne ke faɗinta. Sa'a ta kan zo sau ɗaya. Meri kuwa fiye da shekara 30 tana fita cikin sanyin da ke fasa leɓe. Cikin 1828 ta sami ƙadangare mai fukafukai, irin wanda ba a taɓa samu ba a wajen ƙasar Jamus. Cikin 1833 gaɓa ta zaftaro ta binne karenta a gabanta, ita ma da kyar ta sha. Makarantarta kaɗan ce, amma ta kan ari takardun masana ta kwafe su da hannu har da zanensu, ta kan feɗe kifayen yanzu don ta gane na dauri. Ita ta lura da waɗansu dunƙulallun duwatsu da a kan samu a wajen cikin Iktiyosoras, ta fasa su, ta ga ƙayar kifi da ɓamɓaroki a ciki, ta gane kashin dabbar ne ya zama dutse. Ku lura, kashi na ce, ba ƙashi ba, kada wani ya ƙara mini lanƙwasa a jarrabawa. Daga nan aka sami hanyar sanin abin da dabbar da ta mutu tun shekara miliyan barkatai ta ci. Wannan ba tuntuɓe ba ne, karatu ne, sai dai allonsa gaɓar teku.

Saura magana ɗaya, ita ce mai ƙarfi, ni kaina na daɗe ina riƙe da ita. A kan ce gaskiya ba ta da uba. Biyu da biyu huɗu ne ko wa ya faɗa, wuyan dabbar nan gaɓa 35 ne ko an ambaci Meri ko ba a ambace ta ba, sabo da haka barin sunanta rashin kirki ne kawai, ilmi bai yi hasarar kome ba. A lissafi haka ne. A wannan fanni kuwa ba haka ba ne. Na gaya muku gaɓar hawa hawa ce, na ƙasa ya girmi na sama. Irin amonait da ke wannan hawa dabam ya ke da na hawan da ke bisansa, har masana suna gane shekarun hawa da irin amonait ɗin da ke cikinsa. Ashe ke nan rabin labarin ƙashi ba a jikinsa ya ke ba, yana wurin da aka ciro shi: wane hawa, kusa da me, a kwance ta wace fuska. Wa ya ga wannan? Mai tono kaɗai. Masanin da ke zaune a Landan kamar alƙali ya ke, bai ga abin da ya auku ba, da bakin shaida ya ke hukunci. Kun taɓa jin alƙalin da ya rubuta hukunci ya shafe sunan shaidu, ya bar mutane su yi zaton shi ya gani da idonsa? In ya yi haka ya zalunci shaidu, ya kuma raunana hukuncinsa, gama ran da wani ya ɗaukaka ƙara ba wanda za a kira a tambaya.

Kada in yi wa mutanen nan rashin adalci irin wanda na ke zarginsu da shi. Cikin 1820 wani hafsan soja, Kanar Tomas Bac, da ya ga iyalin Anin suna shirin sayar da kayan ɗakinsu don biyan kuɗin haya, ya yi gwanjon dukan duwatsun da ya tara, aka sami wajen fam 400 domin su. Wani masani, Dilabesh, ya zana hoton tekun dauri da dabbobinta cikin 1830, aka buga aka sayar don a taimake ta. Bakland, malami a Jami'ar Okasfod, ya ambaci sunanta a bayanin ƙadangaren nan mai fukafukai. Agasi, mutumin Suwizalan, ya raɗa wa kifaye biyu na dauri sunanta. Daga baya aka yanka mata fam 25 a shekara. Da ciwon daji ya kashe ta cikin 1847, tana da shekara 47, shugaban ƙungiyar nan da ba ta karɓe ta ba ya yi jawabin yabonta. Duk wannan alheri ne, ba na rena shi. Amma ku duba da kyau, yawancinsa kyauta ce. Mutum ya fi son ya ba ka kyauta da ya biya ka bashi, gama mai kyauta hannunsa ne a sama, mai biyan bashi kuwa sai ya fara yarda cewa da naka ya yi ado.

Al'amarin ya sake a zamaninmu. Masu nema a gaɓar Doset yanzu suna da ƙa'ida, abin da ya zubo bakin teku a ke tsinta ba a fasa gaɓa, abu mai muhimmanci kuwa a kan kai shi a rubuta a rajista, da wurin da aka same shi da wanda ya samo. Cikin 2020 wata yarinya 'yar shekara 11 da mahaifinta suka tsinci guntayen wani ƙaton muƙamuƙi a bakin teku a lardin Somaset. Ya tabbata na wani ɗan'uwan Iktiyosoras ne wanda a ke ƙiyasta tsawonsa wajen ƙafa 80. Da aka buga bayaninsa cikin 2024, sunan yarinyar da na uban suna jere da na masana a kan takardar.

Yanzu mu komo gida, ga dutsen teburina. Kada ku yi mamaki, ƙasar Sakkwato ma ta taɓa zama ƙarƙashin teku fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Dutsen Kalambaina da a ke siminti da shi yana ɗauke da ɓawon halittun ruwa, akwai kuma wani ƙaton ƙadangaren teku na dauri da masana suka raɗa wa suna Goronyosoras cikin 1972, sabo da Goronyo. Sa'ad da na fito daga kwalejin horon malamai aka tura ni wata makaranta a wannan ƙasa. Wata rana wani yaro ɗan aji uku, ubansa maginin rijiya ne, ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, Baba ya ce a nuna maka, wai a ƙasan rijiya ya samo." Na karɓa. Ɗan dutse ne kewayayye, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Na kwana biyu ina duba littattafai har na gane bushiyar teku ce, wata 'yar halitta mai ƙaya da ke rarrafe a ƙasan ruwan gishiri. Murna ta kama ni. Na yanki kwali na rubuta sunanta da kyakkyawan rubutu, a ƙasa na sa nawa.

Ba a yi wata guda ba mai duba makarantu ya zo. Ya ɗauki dutsen ya juya shi, ya karanta kwalin, ya ce, "Madalla, Malam, irinku mu ke so, masu buɗe ido su duba ƙasarsu." Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode." Yaron yana zaune a layi na biyu, yana dubana. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba ran nan, na yi shiru ne kawai, kamar yadda Konibiya ya yi. A raina ina cewa ai ni na gane ta, a hannunsu tsakuwa ce.

Ku da ke karatu yau, gobe waɗansunku za su zama malaman gona, waɗansu malaman daji, waɗansu na asibiti. Za ku zauna gaban manomi da maharbi da masunci da unguwarzoma, su gaya muku abin da suka yi shekara 40 suna lura da shi, ku kuwa ku juya shi cikin harshen littafi ku sa hannu a ƙasa. Alƙalamin yana hannunku, su ba za su ga takardar ba, balle su yi ƙara. Abin da ya same ni a gaban mai duba makarantu zai same ku, kuma ba zai zo da kamar sata ba, da kamar yabo zai zo.

Bayan shekara biyar, sa'ad da na karanta labarin Meri Anin, na yage kwalin nan na yanki sabo. Na ja layi uku, na fari sunan halittar, na biyu wanda ya samo, na uku wuri da zurfi. Na cika na fari da na biyu. Sa'an nan na rubuta wa yaron takarda, lokacin ya bar makaranta yana koyon ɗinki, na ce ya tambayar mini Baba wace rijiya ce, a wane ƙauye, kuma gaba nawa ya haƙa kafin ya kai ga dutsen. Amsa ta zo bayan sati uku. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce Baba ya rasu bara da kaka, rijiyoyin da ya gina kuwa sun fi talatin, shi dai abin da ya ke tunawa ran nan Baba ya komo da la'asar, ya ciro dutsen daga aljihu ya miƙa masa. Layi na uku yana nan fari har yau.